Kukan Majemi

Ni majemi ne, a Achida anka yanke min cibi,
Farcena ya rine tun ban kai kaciya ba.
Fatar jar akuya ita ce ci da shan gidanmu,
Ita ko fata ba ta jemuwa sai da bagaruwa.

Bayan gari, daga marina har tafkin Dikko,
Itace ya haɗa kai, rana ba ta ganin ƙasa.
Inna kan ce, "Ɗauki ƙwarya, kada ka daɗe."
In dawo da ita cike, ban biya ko anini ba,
Ƙaya a dugadugi, baki duk zaƙin aduwa.

Yau tiya guda sai na hau mota zuwa Illela,
In yi ciniki har maƙogwaro ya bushe.
Abin da ke zuba ƙofarmu kyauta
Shi nake bi da kuɗin aro cikin kasuwa.

Wa ya sare? Kada ku nuna min baƙo.
Jaɓɓi mai jakai, na san kaifin gatarinsa.
Da can da hantsi ya kan dawo da kaya shida,
Yanzu sai la'asar sakaliya,
Daji na ja da baya kamar mai gudun gamuwa.

Tandun burodin birni ba ya ƙoshi,
Kirya da marke ya lashe kamar tuwon suna.
Da dare manyan motoci ke wucewa da gawayi,
Buhu kan buhu, baƙi ƙirin, sun nufi kudu,
Kowane buhu gawa ce ta wata inuwa.

Ɗana Arzika na cikin masu turbuɗa wutar.
Na yi faɗa, ya dube ni ya ce, "Baba,
Geron bana bai kai mu bazara ba.
In na bar kiryar, gobe wani ya kwashe."
Na nemi amsa a bakina, ta ƙi samuwa.

Ni ma ba wankakke ba ne.
Tsamiyar gonarmu ni na sayar, shekarar da anka haifi Tumba.
Na sayi rago, anka ci, anka yi min barka.
Kututturen na nan, kuma duk sa'ad da zan wuce shi
Sai in kau da kai kamar wanda ya zagi uwa.

Bara damina ta zo da fushi, dare guda,
Babu saiwar da za ta ce mata dakata.
Ta kwashe fuskar gona ta kai gulbin Rima,
Ta bar kwazazzabo mai haɗiye raƙumi da kayansa,
Yashi ya kwanta kan fadamar albasa,
Abin da munka roƙa shi ya zame mana damuwa.

Rijiyar masallaci gaba shida ce da ƙuruciyata.
Kulu ta ƙulla igiya, ta sake ƙullawa,
Gaba sha ɗaya, guga na fitowa
Rabi laka, rabi ruwa.

Kara da kashin shanu, abincin gona a da,
Yanzu murhu ke cinye su.
Masu amya sun rasa reshen ratayawa,
Awaki da azahar na haki gindin katanga,
Suna ture juna kan tafin hannu na inuwa.

Shekaran jiya da na daka 'ya'yan jima,
Ƙwayar da na saba sheƙewa bola
Na tsince ta, na zuba a ledojin ruwa goma sha biyu.
Tumba ke tara musu ragowar alwalata.
Arzika ya gani ya yi dariya: "Sai yaushe?"
Na ce, "Ba ni za su yi wa jima ba, na sani."
Bakwai sun tsiro, akuya ta ci biyu.
Biyar ɗin zan kewaye da shinge,
In Allah ya sa ƙayar shingen ta yi samuwa.